Jawabi a kan rigimar wayar salula ta hannu wadda aka saya ba a gani ba, da yadda ake raba ta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki, ya hana cin dukiyar mutane da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, Allah gafarta malamai, da ku almajirai na Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da su, ina so ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata rigima wadda ta yawaita a zaurukanmu. Yaro ya tara kuɗi daga noman rani ko ƙwadago, ya ga hoton wayar salula a intanet, irin wadda 'yan kasuwa ke kira ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi aiki da ita. Ya tura kuɗi, aka aiko masa da ita, kwana biyu ta ƙi ɗaukar caji. Ya ce a mayar masa da kuɗinsa, mai waya ya ce lafiya lau ta bar hannunsa. Daga nan sai zagi, sai ƙara, wani lokaci har zumunta ta yanke.

Kuskure biyu nake gani wurin masu raba wannan rigima. Na farko, malami ya ce wannan abin zamani ne, babu shi a littafi. Na biyu, dattijo ya ce a raba hasara biyu kowa ya yi haƙuri, alhali bai tambayi wa ke da gaskiya ba. Abin da nake so in tabbatar muku yau shi ne, wannan mas'ala tsohuwa ce, hukuncinta yana cikin littattafan da kuke karantawa kullum, kuma sulhu ba ya zama adalci sai mai yin sa ya fara sanin inda haƙƙi yake.

Fasali na farko: yadda cinikin ke gudana

Ku sani wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001. Tun daga sa'an nan kasuwarta ta kafu a birnin Kano, a Farm Centre da titin Beirut, inda ake sayar da sabuwa da ta hannu, ana kuma gyara. Da can mutumin Gaya ko na Ajingi sai ya shiga mota, ya bi ta Wudil, ya isa birni, ya riƙe waya da hannunsa, ya jujjuya ta, ya taya, a yi masa albarka, har ciniki ya faɗa. Yanzu kuwa yana zaune a ƙofar gida zai ga talla a Facebook, ko a WhatsApp, ko a Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014. Mafi yawan waɗannan wurare allon talla ne kurum. Suna haɗa mai saye da mai sayarwa, ba su riƙe kuɗi, ba su ga kaya ba. Kuɗi ya tafi ta banki cikin ƙiftawar ido, waya ta taho a hannun direba daga tasha. Mutum biyu sun yi ciniki, ba su taɓa haɗa ido ba, ba shaida, ba takarda.

Fasali na biyu: shin wannan ciniki ya halatta?

In wani ya ce wannan ai cinikin biri a sama ne, sai in ce masa, dakata. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a 179 bayan Hijira, sun yi magana a kan sayar da abin da ba ya nan bisa siffa. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a 386, ya halatta shi. Shaihu Halilu, malamin Masar, ya faɗaɗa shi a cikin Muhtasar. Tun a Muwaɗɗa an yarda fatake su sayi dilar tufafi a ɗaure bisa takardar da ta ƙididdige abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. In aka kwance aka tarar daidai da takarda, ciniki ya lizimta. In ya saɓa, mai saye yana da zaɓi. To, hoton waya da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa su ne takardar dila ta wannan zamani.

Saboda haka siffa ita ce ginshiƙin cinikin duka. Sai a faɗi sunan waya da samfurinta, da girman ma'ajiyarta, da lafiyar batir, da ko an taɓa buɗe ta, da ko an canja gilashi, da ko ruwa ya taɓa shiga. Abin da ya wuce wannan, kamar a ce tana nan garau, ko 'yar Landan ce, kirari ne na kasuwa, ba ya raba gardama.

Game da biyan kuɗi kafin a gani, malamai sun ce ba a shardanta shi sai in wurin kayan yana kusa, kamar tafiyar kwana biyu, ko kuwa abin ba mai saurin canjawa ba ne, kamar gida da gona. Tsakaninmu da birni ba a kai wuni ba, don haka ƙofar a buɗe take. Amma waɗansu masu sharhi sun ƙara cewa wani ne ya kamata ya siffanta kayan, ba mai su ba, domin mai kaya ba ya kushe kayansa. Ku dubi hikimar wannan. Wane ne a cikinmu ba shi da ɗan'uwa ko tsohon abokin karatu a birni wanda zai taka ya duba masa?

Sa'an nan in waya ta ɓata ko ta fashe a hanya, hasarar wa ce? A mashahurin zance, kayan da ba ya nan yana wuyan mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai fa in sun shardanta wani abu dabam. Amma in mai saye ne ya ce a ba wane direba, shi ne wakilina, to karɓar wakili karɓarsa ce. Direba kuwa amana aka ba shi, ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka.

Fasali na uku: tambaya uku da mai sulhu zai yi

Ya kai malamin da aka kawo wa wannan ƙara, kada ka yi gaggawar cewa a yi haƙuri. Zaunar da su, ko ka kira na nesa a waya kowa yana ji, ka yi tambaya uku bi da bi.

Tambaya ta farko: me aka faɗa lokacin ciniki, kuma wannan ita ce wayar da aka aiko? A nan zamani ya sauƙaƙa mana, domin maganar da aka yi a rubuce take, ko a saƙon murya, da ranarta da sa'arta. A karanta ta a gaban kowa. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ma ta yarda a karɓi irin wannan a kotu bisa sharuɗɗanta. Kuma kowace waya tana da lamba tata mai alƙaluma 15, ana ce mata IMEI. In ka danna *#06# za ta fito a fuskar waya. In an rubuta wannan lamba tun farko, mai sayarwa ba zai aiko da wata ba, mai saye kuma ba zai musanya da tsohuwar tasa ya mayar ba. Na faɗi wannan na biyun da gangan, domin zalunci a nan ba daga gefe ɗaya yake zuwa ba. Akwai mai saye da zai cire batir mai kyau ya sa matacce, ya dawo yana rantse-rantse.

In aka tarar an ce ma'ajiyarta 128 ce aka aiko mai 64, ko an ce ba a taɓa buɗe ta ba ga shi an buɗe, magana ta ƙare tun a nan. Siffa ta saɓa, mai saye yana da ikon mayarwa.

Tambaya ta biyu: abin da ake kuka da shi aibi ne, kuma tsoho ne ko sabo? Aibin da ake mayar da kaya saboda shi, shi ne wanda ke rage daraja a al'adar 'yan kasuwa, wanda ya riga ciniki, wanda kuma mai saye bai san da shi ba. Hausawa suka ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi ta hannu ya san za a sami ƙarzuwa a jiki, ya san batirinta ba zai kai na sabuwa ba. Wannan ba abin ƙara ba ne. Amma wayar da ke mutuwa da kanta, ko ba ta ganin layi, ko batirinta ya kumbura, ko an sa mata gilashi na jabu aka yi shiru, ko tana kulle da asusun mai ita na farko, wannan aibi ne. Ku san wannan kulle da kyau. Kamfanin Apple ya shigo da shi a 2013, wayoyin Android suka bi a 2015. In ba a cire asusun mai ita na farko ba, ran da aka wanke waya sai ta nemi kalmar sirrinsa, in babu ta zama dutse a hannunka.

To, wa zai ce aibi tsoho ne? Ni da ku mun san fiƙihu, ba mu san cikin waya ba. Malamai sun ce a koma ga masana abin, kamar yadda ake kiran mai sanin dabba in an yi gardama a kan ciwon saniya da aka sayo a kasuwar Wudil ran Juma'a. A nan masani shi ne mai gyaran waya, wanda su biyu suka yarda da shi, wanda ba shi da rabo a cinikin. Yana iya ganin tsatsa a injin ciki, da sawun dalma na tsohon gyara. A cikin wayoyi da yawa akwai wata 'yar alama fara wadda ke komawa ja in ruwa ya taɓa ta. In masani ya yanke cewa aibin tsoho ne, an ba mai saye gaskiya ba rantsuwa. In ya rinjayar kurum, mai saye ya rantse. In ya ce abin yana iya zama tsoho yana iya zama sabo, magana ta mai sayarwa ce tare da rantsuwarsa. Har ma Halilu ya nuna in ba a sami adali ba, ana karɓar maganar masani ko da ba Musulmi ba ne, domin labari ne na sana'a. Saboda haka kada wani ya ƙi mai gyara don ƙabilarsa ko addininsa in ya san aikinsa.

In mai sayarwa ya ce, ai na rubuta cewa in an saya ba a mayarwa, sai a ce masa wannan ba ta fisshe ka ba. A mashahurin mazhaba, barranta daga aibi a dunƙule ba ta aiki a irin waɗannan kaya, balle ga aibin da ka sani ka ɓoye. Wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani filla-filla, ya nuna wurinsa da girmansa. Kun san labarin da ya zo a Sahihu Muslim, na tarin abinci a kasuwa wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ciki ya ji danshi, ya tsawatar wa mai shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama ba, ya kuma barranta daga mai algus. Kun san kuma hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye. Wanda ya sa wa ruɓaɓɓiyar waya sabon murfi ya ɗauki hotonta a wuri mai haske, aikinsa da na mai ɗaure hantsa ɗaya ne.

Tambaya ta uku: me mai saye ya yi bayan ya ga aibin? Nan ne yaranmu ke zubar da haƙƙinsu. Wanda ya ga aibi ya ci gaba da aiki da kaya kamar ba kome, ko ya sa su a kasuwa, an ɗauka ya yarda. Wanda ya yi shiru kamar kwana ɗaya ba uzuri, sai ya rantse cewa shirunsa ba yarda ba ce. In shirun ya yi tsawo, zaɓinsa ya faɗi. Don haka, ya kai almajiri, sa'ar da ka ga aibi ka ɗauki hotonsa, ka aika wa mai waya, ka shaida wa mutum biyu, ka cire layinka ka ajiye ta. Kada ka kai a buɗe ta kafin ka sanar da shi, domin da zarar an buɗe ka ba shi abin faɗa.

Fasali na huɗu: hukunci da lissafinsa

In ta tabbata aibi tsoho ne, waya kuma tana nan yadda ta zo, mai saye yana da zaɓi biyu: ya mayar ya karɓi kuɗinsa duka, ko ya riƙe ba a rage masa kome ba. Ba shi da ikon tilasta ragi, sai in mai sayarwa ya yarda. Amfanin da ya yi da ita kafin ya gane aibin ba ya biyan haya a kansa, domin a kwanakin nan da ta ɓata hasararsa ce.

In kuwa wani sabon aibi ya auku a hannunsa, kamar ta faɗi gilashi ya tsage, to ko ya riƙe a biya shi gwargwadon tsohon aibi, ko ya mayar ya biya gwargwadon sabon. Ga yadda ake lissafi, ku riƙe shi, domin da yawa suna kuskure a nan. A misali, wani ya saya naira 80,000. Masana suka ce irinta mai lafiya ranar ciniki tana kai 100,000, da wannan aibi kuwa 75,000. Aibi ya ci kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Ba za a ba shi 25,000 ba, sai a ba shi rubu'in abin da ya biya, wato 20,000. Ƙima ma'auni ce kurum, daga kuɗin ciniki ake cirewa.

Malamai sun kuma bambanta wanda ya san aibi ya ɓoye da wanda bai sani ba. Wanda ya ɓoye, in kaya suka halaka saboda aibin nan, kamar kumburarren batir ya ƙone waya, zai mayar da kuɗi duka ko da babu abin da za a miƙa masa, kuma ɗawainiyar mayar da kaya tana kansa. Dillali kuwa, in mai kaya bai yi ha'inci ba aka warware ciniki, sai ya mayar da la'ada. In mai kaya ne ya yi ha'inci dillali bai sani ba, la'adarsa ta zauna. Yaran da ke ɗauko hoton wayar wani su sa a shafinsu su ɗora riba, su san matsayinsu tun farko. In ka ce tawa ce, kai za a kama. In dillali ne kai, ka faɗa.

Fasali na biyar: sulhu, da ƙofofin da ake bi

Bayan kowa ya ji inda haƙƙi yake, yanzu ne lokacin sulhu. Allah ya yabi sulhu a cikin Suratun Nisa'i, kuma malamai sun haɗu a kan halaccinsa matuƙar bai halatta haram ba, bai haramta halal ba. Mai haƙƙi ya san haƙƙinsa naira 80,000 ne, ya ce na yafe 10,000 don zumunci, wannan kyauta ce, yana da lada. Amma a ce masa karɓi rabi ka yi shiru, bai san duka nasa ne ba, wannan an ci da haƙƙinsa da sunan zaman lafiya. Kuma ɓarnarsa ba ta tsaya nan ba. In maha'inci ya gane cewa kome ya yi rabi kaɗai zai mayar, to ha'inci ya zama sana'a mai riba, mu ne kuma muka ɗaure masa gindi.

Akwai kuma wanda ba shi da haƙƙi ko kaɗan, waya lafiyarta lau, nadama kurum ya yi, ko wata bukata ta taso masa. Wannan ba ya tilasta kowa. Amma ina kwaɗaitar da mai sayarwa ya karɓi kayansa ya mayar da kuɗi, abin da malamai ke kira iƙala, domin hadisi ya yi alkawarin yafe tuntuɓe ga wanda ya yi haka ga ɗan'uwansa.

In magana ta ƙi ci tsakaninsu, a bi ƙofofi daki-daki. In ɗan gari ne, ga mai unguwa, ga dagaci, ga hakimi. Tun 2024 Gaya da Ajingi da Albasu suna ƙarƙashin masarautar Gaya, saboda haka mutumin Ajingi da na Gaya gidansu ɗaya. In ɗan kasuwar birni ne mai rumfa, a kai wa shugabannin kasuwarsa, domin sun san shi, kuma yana jin kunyarsu fiye da yadda yake jin taku. Ga Hukumar Hisba, wadda doka ta kafa a 2003, tana sulhu a ƙananan hukumomin Kano 44, ko da yake ba ta yanke hukunci. In duk wannan ya gaza, ga kotun shari'a, alƙali ya nemi shaida ga mai da'awa, rantsuwa ga mai musu. Gwamnatin tarayya ma tana da dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta ba mutum ikon mayar wa ɗan kasuwa kayan da bai sami dubawa ba kafin a kawo masa, in sun saɓa wa siffar da aka yi masa, cikin lokacin da ya dace. Kun ga dokar zamani ta zo ta tarar da Risala a zaune.

Abu biyu nake hana ku. Na ɗaya, kada ku ɗauko ɗan sanda a kan gardamar aibi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓanin ciniki kurum, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Wanda ya sa aka tsare ƙanen mai waya don wansa ya fito, ya yi zalunci ko da shi ke da gaskiya a asalin magana. Na biyu, kada ku sa hoton mutum a Facebook ku kira shi ɓarawo tun ba a bincika ba. Kuɗi ana mayarwa, mutunci in ya zube ba a kwashe shi duka.

Fasali na shida: wayar sata, da zamba tsagwaronta

Wannan ita ce mafi hatsari. Ƙwacen waya ya yi tsanani a birnin Kano har an rasa rayuka, har a 2023 gwamnatin jiha ta ba da sanarwa cewa za a ɗauke shi a matsayin fashi da makami. Wayar da aka ƙwata da wuƙa a birni ba a birni take kwana ba, ƙauye ake turo ta da araha. Kuma da lambar nan mai alƙaluma 15, da layin da aka haɗa da lambar ɗan ƙasa bisa umarnin da ya fito a ƙarshen 2020, ana bin sawu har a iso ga wanda ta ke hannunsa. Ran nan sai ka ga an zo da mota an tafi da ɗalibi daga tsakiyar karatu.

Hukuncin shari'a a sarari yake. In mai ita ya kawo hujja, zai karɓi abarsa bai biya ka ko kwabo ba, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka. In ba ka san sunansa na gaskiya ba, ba ka san rumfarsa ba, wa za ka bi? Dokar ƙasa kuma tana hukunta wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zato. Wayar da ta kai 200,000 aka sallama maka a 60,000, ba kwali, ba rasit, mai ita yana gaggawa, wannan kaɗai dalilin zato ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba don masu saye ba, da mai wuƙa bai fita ba.

Wanda kuwa ya tura kuɗi ba a aiko masa da kome ba, aka rufe layi, wannan ba gardamar ciniki ba ce, zamba ce. Ya garzaya bankinsa a ranar da takardar shaidar turawa, ya kuma kai wa 'yan sanda, domin nan hurumin su ne. Tun 2014 asusun banki yana da lambar shaida da ke nuna mai shi. Haka mai sayarwa, kada ya saki kaya don saƙon da ya shigo wayarsa, sai ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun zauna, domin ana ƙirƙirar saƙon ƙarya.

Fasali na bakwai: rigakafi

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, a cikinta kuma aka yi umarni da kafa shaida in an yi ciniki. Mu da muke koyar da ita mu ne ya kamata mu fara aiki da ita. Kafin ka tura kuɗi, ka sa mai waya ya rubuta siffarta da lambarta, ka duba sunan da ke kan asusu ya dace da sunan wanda kake magana da shi. Ka nemi wani naka ya gani da ido, domin gani ya kori ji. Ka shardanta kwanakin gwaji. Malamai sun halatta ciniki bisa zaɓi, suka sa wa gida kamar wata guda, dabba kamar kwana uku, kuma kwana biyu ko uku sun isa a gane halin waya. Sai dai a cinikin zaɓi ba a shardanta biya tun farko, saboda haka mafi kyau a ajiye kuɗin wurin amintaccen da ku biyu kuka yarda da shi har kwanakin su cika. In saƙo ya iso, ka buɗe shi a gaban direba da shaidu. In kuma ka tarar da hotuna ko saƙonnin mai ita na farko, amana ce ta faɗo hannunka, ka goge, kada ka duba, kada ka yaɗa.

Ku kuma masu sayarwa, hadisi ya nuna cewa masu ciniki in sun yi gaskiya sun bayyana, ana sa musu albarka, in sun ɓoye sun yi ƙarya, ana shafe ta. Faɗin aibi zai rage maka dubu biyar yau, ya kawo maka mutum goma gobe.

Allah gafarta malamai, wajen shekarar 1806 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka Kano, mutanenta suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa hukunci da shi, ya rubuta Liya'ul Hukkami. Sun san cewa niyya mai kyau ba ta isa ga mai raba gardama sai da sani. Babin ciniki yana nan a Risala da Muhtasar da Tuhfa ta Ibnu Asim, amma da yawa muna tsayawa a tsarki da salla, in mun iso ciniki sai mu yi sauri. Ina roƙonku ku karantar da shi a hankali, ku buga misali da waya a inda littafi ya buga da dabba da tufa, domin yaran da ke gabanku ita suke saye, a kanta suke faɗa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah shi ne mafi sani. Allah ya tsare mu daga cin haram, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya daidaita tsakaninmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.